Daga Sama Suka Ɗauki Kulu

Jikokina sun daina son kallon fim tare da ni. Ba su faɗa mini ido da ido ba, amma na lura. Da zarar na jawo tabarmata gaban talabijin, sai wannan ta tuna da wanke-wanke, waccan ta ɗauki waya ta shige ɗaki. Nana, wadda ta fi su baki, ita ce ta taɓa ce mini, "Kaka, ke ba kallo kike yi ba, faɗa kike yi da akwatin." Kuma gaskiyarta ne. Su labari suke bi, wa zai auri wa, wa ya cuci wa. Ni kuwa idona ba ya barina in kai ga labarin. Za a nuno mace a ɗakin ƙauye, a ce dare ne, fitilar ƙwai ɗaya tal a gabanta, amma ɗakin ya haske tar kamar tsakar rana, ga inuwarta har uku a jikin bango, kowace ta kama gabanta. Sai in ce, "Wanga ɗaki, rana nawa ke cikinai?" Su ce, "Kaka, don Allah ki bari mu ji!" In ƙyale su, can kuma a nuno wani abin da ba zan iya haɗiyewa ba.

Ba haka aka haife ni ba. Hoto ne ya mayar da idona haka.

A Gwandu na tashi, a lokacin da rana ce agogon kowa. Ba mai tambayar ƙarfe nawa. In haske ya sauko daga kan katanga ya taɓa bakin randa, an san hantsi ya yi, a fito da turmi. In inuwar darbejiya ta kai ƙofar madafa, a ɗora tukunyar tuwo. Har yau in na rufe ido ina jin luguden matan gidanmu yana amsa na maƙwabta, da ƙarar guga in ya bugi ruwa a ƙasan rijiya, da muryar Fulani masu tallan nono suna shigowa da sallama. Da rani mukan bi iyayenmu maza fadama da abinci, mu dawo da guntun rake muna tsotsa, ƙafafunmu duk laka, jikinmu na warin albasa. Ni da ƙanwata Kulu muke yin komai tare. Ni mai shiru ce, ita kuwa in ta buɗe baki sai kowa ya dara, har Innarmu da ba ta cika dariya ba. A duk tasowarmu ban taɓa ganin hoton kowa a gidanmu ba. Madubi ma ɗan ƙarami ne, na Inna, sai ranar salla ake ba mu mu leƙa. Amma mun san fuskokin juna fiye da yadda yaran yanzu suka san nasu, domin ba mu da wani abin kallo sai su.

Aure ne ya kai ni Kalgo, gidan wani tela, Allah ya jiƙansa. Katanga ɗaya ta raba mu da wani malamin makaranta mutumin Zuru da matarsa, Malama Saratu. Kiristoci ne, mutanen kirki. Malamin yana da kyamara, yana ɗaukar hoton 'yan makaranta da ma'aikata a ranakun hutu. To sai ga shi mata sun fara bukatar hoto, musamman masu niyyar zuwa Makka, kuma namiji ba ya shiga cikin gida. Malama Saratu ce ta karɓi kyamarar take shiga. Ni nake raka ta, domin na san gidajen, na san yadda ake gaida kowace tsohuwa. Da ciki ya yi mata nauyi, wata rana ta rataya mini igiyar kyamarar a wuya ta ce, "Ke za ki ci gaba." Maigidana ya yi kwanaki yana juya maganar, ya je ya tambayi malaminsa. Da ya dawo ya ce, "Mace ta ɗauki mace ya fi a kwashi matan mutane a kai su shago. Je ki."

A wancan zamani in an ce fim, ba wasan kwaikwayo ake nufi ba, abin da ake naɗawa a cikin kyamara ne. Ƙidayayye ne, in ka danna ka danna, babu gogewa. In ya cika a ba direban da ke zuwa Sakkwato ya kai a wanke, a zauna jira. Ba ka san abin da ka ɗauka ba sai ambulan ya dawo. Shi ya sa mutum ba ya danna yatsa da wasa. Yau yarinya za ta ɗaga waya ta ɗauki kanta sau ba adadi kafin shayi ya huce, ta goge, ta sake, ba ta tsaya ta dubi komai ba. Mu sai mun duba, mun sake dubawa, har mai zaman ya fara gajiya.

Da na ga hannuna ya ɗan faɗa, na yi wa kaina alkawari sai na ɗauki Inna. Na je Gwandu ganin gida da kyamarar a ƙunshe cikin zane. Inna ta ƙi, ta ce ita ba Makka za ta ba, me za ta yi da hoto. Kulu ce, lokacin tana budurwa, ta yi ta zolayarta har ta yarda. Ina ɗoki, ina tsoron kada ta sake shawara, ban tsaya duba komai ba. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida tana tsinkar zogale, rana a tsakiyar kai. Na tsaya a kanta, na matso kusa don fuskar ta cika, na danna.

Da hoton ya dawo, ban ko nuna wa Malama Saratu ba, na aika a kai wa Inna, ni ma na biyo baya. Na same ta riƙe da shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, hakanga kike ganina?" Sai a lokacin na dubi abin da kyau. Idanunta sun zama ramuka biyu baƙaƙe, domin ranar daga sama ta doke ta. Goshinta ya yi faɗi, jikinta ya tsuke, ta ɗaga kai sama kamar mai roƙon wanda ke tsaye a kanta. Inna, wadda in ta yi gyaran murya gidan gaba ɗaya yake nutsuwa! Na dawo Kalgo ina kuka a mota.

Malama Saratu ta karɓi hoton, jaririnta a cinya, ta dube shi, ta dube ni.

"In kin je gaida Inna da safe, a tsaye kike gaishe ta?"

"Subhanallahi! A durƙushe."

"To me ya sa kika ɗauke ta a tsaye? Kyamara ba ta da kunya, ba ta san babba ba. Ke za ki yi mata ladabin."

Ranar ta koya mini abin da ban manta ba har tsufana. Ta zaunar da ni a tsakar gida ta ce in taɓa ƙasan idona in ji inda inuwa ta faɗa. Ta mayar da ni bakin ƙofar ɗaki, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, ta miƙo mini madubi. Ta ce baƙar fata ba duhu ba ce, tana shan haske ta mayar da shi a hankali, amma sai an ba ta daga gefe, an kuma jira. Ta ce in an matso da idon kyamara dab da fuska, hanci yakan kumbura, kunnuwa su gudu baya, ko sarauniya ce sai ta zama abin dariya. Ta ce wanda aka ɗauka daga ƙasa girma yake ƙarawa, wanda aka ɗauka daga sama kuwa an taka shi ke nan.

Na koma Gwandu. Wannan karon sai da na roƙi Inna kamar zan yi mata sujada. Na jira la'asar ta yi sanyi. Na sa mata kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofar ɗakinta, hasken yamma yana shafar kumatunta na dama. Kulu ta riƙe farin zane a ɗaya gefen don ya mayar da ɗan haske. Na ja baya, na durƙusa har idona ya yi daidai da nata. Ban danna ba. Na bari ta gaji da ɗaure fuska, Kulu ta faɗi wata magana, bakin Inna ya motsa zai yi murmushi bai kai ga yi ba. A nan na danna. Inna Bakaba ce, tana da tsagar Kabawa a kumatu, kuma a hoton nan kowane layi ya fito, ɗaya bayan ɗaya, fatar tana sheƙi kamar sabuwar tukunya. Da ta gani ba ta ce ya yi kyau ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "Awo, wagga ni ce." Ta sa shi a ƙasan adakarta.

Daga nan na yi shekaru ina shiga gidajen Kalgo da ƙauyukan Gwandu, har Maruda da Ceberu an kai ni a bayan keke. Na ɗauki masu jego, na ɗauki tsofaffin da 'ya'yansu ke aiki nesa suna son ganinsu, na ɗauki matan rugga da suka tsaya cak kamar sanda sai da na yi ta hira da su kan shanu kafin kafaɗunsu su sauka. Kowane gida na shiga, kafin in gama gaisuwa idona ya riga ya nemo inda haske yake shigowa. Malama Saratu da mijinta suka koma garinsu, suka bar mini kyamarar. Sannu a hankali masu wanke fim suka rufe shaguna, waya ta shigo hannun kowa, aka daina aikowa a kira ni. Ban yi baƙin ciki sosai ba, gwiwoyina ma sun fara ƙin durƙuso. Na ajiye kyamara, amma idon bai ajiyu ba.

Kada a ce komai na talabijin nake zagi. Akwai ranar da aka sa wani fim na wata ƙasa, ban ji ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Aka nuno wata mata baƙa kamar mu, zaune kusa da taga tana tsintar shinkafa, an kawo mata wani labari mara daɗi. Mai ɗaukar bai matsa ba, bai yanke ba. Ya bar hasken tagar a rabin fuskarta, rabin a duhu, ya jira har hannunta ya tsaya a cikin farantin. Na ce wa Nana, "Tsai da shi! Mayar baya!" Na kalli wurin ya fi sau nawa, hawaye na zuba. Ko waye ya riƙe kyamarar nan, na san ya girmama matar. Saboda na san ana iyawa ne abin namu yake ƙona mini rai. A namu, fuska ba ta samun ta gama jin abin da take ji, an yanke an koma wata. 'Yan matan duk an wanke su fes sun zama launi ɗaya, fari-fari kamar an shafa musu toka, ba ka ganin ramin kumatu balle tabo, sai ka rasa 'yar wace ƙasa ce. Sannan abin da ya fi ci mini rai, wanda yaran ba su taɓa lura da shi ba sai da na nuna musu: duk sa'ad da Alhaji mai kuɗi zai fito daga mota, kyamara tana ƙasa tana kallonsa sama. Duk sa'ad da za a nuno baƙauye, tana sama tana kallonsa ƙasa, an cusa ta cikin hancinsa. Tun bai buɗe baki ba an riga an gaya wa mai kallo cewa wannan wawa ne, a yi dariya. Kuma a yi. Mu da muke ƙauyen mu ne kan gaba wajen dariyar.

Da abin ya tsaya a kan baƙin fuskoki, da na ci gaba da faɗana da akwati har in mutu, ba wanda ya cutu. Sai ya zo har gida.

Kulu ma a Kalgo ta yi aure, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse gidajensu. Daddawa take sayarwa a kasuwa, kuma duk wanda ya san miya ya san daddawar Kulu. Amma ba da daddawa kaɗai aka san ta ba. In mace ta haihu ita ake kira wankan jego. In mace ta rasu ita ake kira ta yi mata wanka, domin an san idonta yana gani bakinta ba ya faɗa. Mata da miji in sun yi rikici, kafin a kai ga manya, wurinta ake fara zuwa, ta ba su dariya har su manta abin da ya haɗa su. Tsufa ya ɗauke mata haƙoran gaba, bai dame ta ba, dariyarta take yi baki buɗe.

Wata rana ta shigo mini da sauri, mayafi na jan ƙasa. "Yaya, tashi ki raka ni! 'Yan fim sun zo daga birni, sun ce tsohuwa suke so mai daddawa. Ni sunka zaɓa!" Ta saka atamfarta ta salla, ta sa kwalli, ta ɗaura kallabi mai kyau. Ta ce jikokinta da ke garin Dodoru za su gan ta a talabijin.

Muka je bakin kasuwa. Motoci, wayoyin wuta a ƙasa, samari da 'yan mata suna kai da kawo, yaran gari sun yi dafifi. Abu na farko, wata yarinya ta dubi Kulu ta ce, "Mama, wannan kayan sun yi kyau da yawa." Aka kawo wani tsohon zane mai huji da kallabi da ya koɗe, aka ce ta canza. Aka goge mata kwallin. Maganar da za ta faɗa ba ta da yawa. Motar 'yar birni ce ta lalace, ta zo tana tambayar inda za ta yi cajin waya, tsohuwa kuma ta ɗauka ofishin 'yan sanda ake nufi, ta ce, "Caji? Ai caji ofis yana can bayan tasha, mi kinka sata?" Kulu ta ji ta yi dariya, ta ce wannan ai ko ita za ta iya ƙirƙiro shi. Ni ma ban ga laifin maganar ba.

Sai na ga yadda suke shirya ɗaukar. Rana tana tsaka. Da za a ɗauki 'yar wasan, wani ya riƙe mata lema, wani ya riƙe wani faifai mai ƙyalli yana mayar mata da haske ta gefe, mai kyamara ya rage tsawon ƙafafun kyamararsa, aka gyara mata hoda, aka jira. Da aka juyo kan Kulu, aka janye tabarmarta daga inuwar rumfa zuwa cikin rana. Ba lema, ba faifai. Mai kyamarar ya canza idon kyamarar, ya hau kan benci, ya sunkuyo da ita har ta kusa taɓa goshinta.

Na ratsa mutane na je na kama ƙafar wandonsa.

"Yaro, sauko. In ka ɗauke ta hakanga, hancinta zai cika akwatin, idanunta su zama ramu."

Ya sauko, ya rusuna ya gaishe ni, yaro mai ladabi. "Mama, kin san aikin ne?"

"Na riƙe kyamara tun ba a haife ka ba."

Na zaci zai yi mini gardama, in nuna masa. Bai yi ba. Ya rage murya ya ce, "Wallahi Mama na san abin da kike nufi, duk na sani. Darakta ne ya ce haka yake so. Wurin dariya ne."

Da jahilci ne da na yafe, domin ni ma na taɓa tsayawa a kan Inna ban sani ba. Wannan ya sani. Ya san abin da hasken zai yi, ya san abin da kusancin zai yi, aka ce ya yi, ya hau benci. Na nufi daraktan, wani mai hular rana da ke zaune a inuwa. Bai bari na gama ba ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, lokaci muke bi. A ɗan matsar da ita baya." Na koma wurin Kulu na ce ta tashi mu tafi gida. Ta kama hannuna tana dariya. "Yaya, ke dai ba ki son ganin kyamara a hannun wani. Bar yara su yi aikinsu. Wasa ne fa." Aka ɗauka. Aka ce ta ƙara buɗe baki, ta ƙara zaro ido. Ta yi, aka tafa mata.

Bayan watanni aka ce ranar kaza za a nuna. Maƙwabcinmu ya fito da talabijin tsakar gida bayan magariba, ya tada janareta, unguwa ta cika gidan. Kulu ta sake saka atamfar nan ta salla, aka ba ta wuri a gaba. Ga 'yar birni ta fito, fes da ita, iska na kaɗa mayafinta. Sai ga fuska ta cika akwatin. Hanci kamar tulu, idanu ramuka, dasashi a waje, ƙuda na yawo a goshi, ɗan jiki can ƙasa kamar na ƙadangare. Ba su bar ta haka ba, sai da suka sa wani sauti kamar kukan akuya daidai lokacin da ta buɗe baki. Gidan ya kece da dariya, yara suna birgima a ƙasa. Kulu ma ta yi dariya, na ji ta. Amma dariyar ta mutu da wuri, na ga hannunta ya tashi a hankali ya rufe bakinta. Na raka ta har ƙofar gidanta. Ta ce, "Ashe haƙoran nan haka sunka tafi, Yaya. Ba wanda ya gaya mini."

Kafin mako ya zagayo an yanko wurin an watsa a wayoyi. Yara suka sa mata suna Caji Ofis. In ta ratsa layi sai a bi ta da shi. A kasuwa samari suka riƙa tsayawa a kanta da waya, ba daddawa suka zo saya ba, "Baba, don Allah maimaita mana, mi kinka sata?" Da farko takan biye musu. Daga baya ta koma jan mayafi. Na je na yi faɗa a kasuwar har muryata ta dushe, aka ce tsohuwa ba ta san wasa ba, ai ɗaukaka ce, ƙanwarki ta yi suna. Suna! A zamaninmu in za ka ɗauki hoton mace sai ka nemi izininta da na gidansu, in ya dawo hannunta za ka damƙa shi, ita ke da ikon wanda zai gani. Yanzu fuskar mutum ta zama kamar ƙwallon yara, kowa ya samu ya buga.

Abin da ya karya ta ba a kasuwa ya faru ba. An yi rasuwa a wata unguwa, aka aiko a kira ta wankan gawa kamar kullum. Ta shiga ɗakin da sallama, mata suna kuka. Wata yarinya cikin dangin mamaciyar, baƙuwa daga wani gari, ta ɗago ta gan ta, ta gane ta. Dariya ta kufce mata, ta toshe baki da mayafi, wadda ke kusa da ita ma ta kama. A ɗakin gawa! Kulu ta yi wankan ta gama, ta yi shi yadda ya kamata, ta fito. Daga ranar ba ta sake zuwa ba, ko an aiko sai ta ce jikinta ba daɗi. Ta bar wa wata maƙwabciya tallan daddawar, ta tattara ta koma Dodoru wurin ɗiyarta. Na je dubo ta sau da yawa. Tana nan lafiya, tana wasa da jikoki, amma in za ta yi magana hannunta yana bakinta.

Da kakar da ta wuce, ana cikin yankan gero, zazzaɓi ya kama ta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Ban ce fim ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Matan da ta yi wa wankan jego suka cika gidan, wasu da 'ya'yan da ta fara wankewa, yanzu sun zama iyaye.

Muna zaman makoki sai na ga Nana a gefe tana duba waya, fuskarta ta canza, tana ƙoƙarin ɓoyewa. Na ce ta kawo. Ta ce, "Kaka, bari kawai." Na ce ta kawo! Sanarwar rasuwar ce wani ya rubuta ya watsa, kuma hoton da ya ɗora shi ne wancan, na kan benci, baki buɗe. Na ce ta goge shi yanzu-yanzu. Ta ce, "Kaka, ko na goge nawa, ya riga ya je ko'ina. Dubi mutanen da suka yi magana a ƙasa." Na ce ta karanta mini.

Ta riƙa karantawa. Allah ya jiƙan Baba Caji Ofis. Allah ya gafarta mata, ta sa mu nishaɗi. Allah ya sa Aljanna ce makomarta, ko jiya sai da na kalle ta na yi dariya. Daga garuruwan da Kulu ba ta taɓa takawa ba, mutane bila adadin, kuma na san da zuciya ɗaya suke yi. Matan da ke kusa da ni suna ta cewa amin, wata ma ta ce, "Kin gani, Hajiya, ta samu masu addu'a."

Na ce amin, domin ba a ƙin amsa addu'a. Sannan na miƙa wa Nana wayarta na ce, "Allah ya karɓa. Amma waccan da suke yi wa, ban san ta ba. Ni ƙanwata Kulu na zo binnewa."